Fulas a Kunne

Goggo Tasalla ba ta sayen abu da ido.
Ta ce ido ɗan amshin shatan fenti ne.
Ranar da na raka ta Taminus neman fulas
ina aji huɗu, sanyin Jos na gatsar yatsuna,
ta ɗauki guda, ta zare murfi,
ta kafa bakinsa a kunne kamar mai sauraron gulma.
"Gawa," ta ce, ta ajiye.
Na biyu gawa. Na uku ma an yi masa sutura.
Uchenna mai shago ya fara kaɗa ƙafa,
ni ina neman ramin da zan shige don kunya.
Sai na bakwai, mummuna, kore shar kamar kabejin Farin Gada,
shi ya yi mata kuka a kunne,
irin kukan iska a tsagin duwatsun Shere.
"Yauwa. Ga mai rai."
Ta taya, ta tafi, aka kira ta, ta dawo,
ta kwance bakin zane a hankali.

Shekara goma sha tara yana tsare zafin kunun gyaɗa
daga asuba har la'asar sakaliya.

Ni kuwa na yi boko, na yi gemu,
na koyi ciniki a tsaye, ƙafa ɗaya a waje.
Bara aka kira ni ganawar aiki a Abuja.
Na shiga kasuwa da yamma, na fito kafin a yi kiran magariba
da akwati mai taya huɗu, yana juyi kamar ɗan koroso,
da abin cajin waya mai nauyin dutsen guga,
an jera masa sifiri a goshi kamar kuɗin kwangila.
Ban ja zif sau biyu ba.
Ban ce a jona in gani ba.
Yaron ya ce, "Oga, ɗan Dubai ne,"
ni kuma ogan nan ne ya shige ni.

Muna gangara Hawan Kibo waya ta suma.
Na jona mata mai ceto,
ya ƙyafta ido sau uku, ya bi ta.
A Akwanga, muna jiran direba ya gama tuwo,
wani fasinja, Dalyop, mai gyaran rediyo a Bukur,
ya ɓare shi da makullin gidansa:
batir biyu kamar yatsun jariri,
sai ƙullin yashi a leda.
Ya murza a tafin hannu, ya ce, "Ƙila ma na Dilimi ne."
Ashe ƙasar garinmu na saya
da kuɗin hayar rabin wata.

A Nyanya akwati ya saki baki,
ya tona mini asiri a tsakiyar titi:
takardun shaida, singileti, safa ƙafa ɗaya.
Taya guda ta ci gaba da tafiya ba ni,
wataƙila ita ta samu aikin.

Goggo ta rasu da damina, ba ta ji labarin ba.
Gara haka.

Yanzu in na shiga shago, masu kaya na tsaki.
Ina jan hannu, ina shinshina roba,
ina juya ɗinki ta ciki,
ina tambaya, "In ya lalace, wa zai gyara, a wane layi?"
Ina ce a rubuta rasit da suna.
Wani lokacin in kwana a kan abu, in wayi gari ba na son sa.
Duk da haka ana cuta ta, jefi-jefi,
don kayan yanzu a liƙe suke zuwa,
ba su da bakin da za a kafa wa kunne.

Fulas ɗin yana kan kanta, fenti ya gama guduwa.
Jiya da dare, wuta ta ɗauke,
na zare murfin, na saurara.
Yana nan yana kukansa.